Injin da Ba Zai Je Kura Ba

A wani filin tsofaffin injuna kusa da tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, can ƙasar Larabawa, Alhaji Mijinyawa, ɗan kasuwar Kano, ya tsaya kan wani makaniki ɗan Zangon Kumasi, wanda ya kwance fulogin wani babur na tafiya kan dusar ƙanƙara.

"Alhaji, toshe ramin da babban yatsanka," in ji makanikin. "In na ja igiya iska ta ture yatsan, injin da sauran ƙarfinsa."

Ya ja, yatsan Alhaji ya yi sama.

"Shi ke nan, yau zai shiga kwantena. Injin ban ruwa zan mai da shi a gonata ta Kura."

"Alhaji, wannan injin, ƙanƙara ce ke sanyaya shi. A zafin Kano, kafin ka gama alwala ya ƙone."

Alhaji ya ɓata rai, don shi ba a saba gyara masa magana ba.

"Kai sarkin ƙanƙara, ka taɓa ganinta?"

"Sau ɗaya, ta gilashi, a babban kantin nan da suke haɗa ta da inji don masu wasa."

"To, ni da kai duk ɗaya."

"A'a, Alhaji. Ni ba saye zan yi ba."

Alhaji ya goge baƙin man yatsansa a hankali.

"Ni ma wucewa nake yi. Mayar masa da fuloginsa."