Inci Uku a Gaban Mota

"To inci nawa ka ɗaga gaban nata?" in ji dattijon.

"Uku kacal, ya ammi," Mu'az ya amsa, da irin kiran da ake yi wa dattijo da Larabci. Benci ɗaya ya haɗa su a wurin fahas, inda ake duba lafiyar motoci, kowa riƙe da lambar layinsa. "Jiya na sa aka mayar da sifirin ɗin kamfani, ta koma ƙasa. Ina tsallake fahas, yalla, sai gareji, a sake ɗaga min."

"Wato hukuma za ka yi wa wayo. Sitiyarin fa, ba ya rawa in ka taka birki?"

"Kaɗan-kaɗan. Amma a rairayi, wallahi, kamar jirgin ruwa!"

"Sau nawa ka shiga rairayin bana?"

Mu'az ya sosa ƙeya. "Sau ɗaya. Amaryata Bayan ba ta son ƙura. Ai in an ɗaga motar, ba ta iya hawa sai na riƙe mata hannu. Yau kuwa da kanta ta shige, ko kallona ba ta yi ba."

Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya har da dafa gwiwa. "Kai yaro! Saboda riƙon hannu za ka ɗora 'yar mutane a motar da sitiyarinta ke rawa? Tawa a ƙasa take kamar tabarma, amma shekara talatin ina miƙa wa Hajiya hannu, ba ta taɓa ƙi ba."

Kunya ta kama Mu'az, murmushi kuma ya ƙi barin fuskarsa. Aka kira lambarsa, ya miƙe.

"Halas, shi ke nan, ammi. Yadda kamfani ya yi ta, haka za ta zauna."