Mai Dafa Giyar da Ba Ya Sha

A kasuwar Asabar ta garin Petaluma, wani mai jar hula ya tura wa dattijon gefensa kofin giyar sha'ir mai ruwan zinare.

"Kurɓi, dattijo. Ga ɗaci, ga ƙamshin ɓawon lemu. Da gasasshiyar kaza mai yaji, daɗi har kunne!"

"Na gode."

"Haba! Tsoron uwargida kake?"

"Ni na dafa giyar nan, da hanci nake aunawa. Rabona da kurɓa shekara tara, tun ranar da na bugu na manta 'yata a makaranta."

Mai hular ya janye kofin a hankali.

"Ƙarfe nawa yanzu?"

"Sha biyu da rabi."

"Tawa 'yar tun sha ɗaya take jirana a filin ƙwallo."

"Kada ka taɓa mota. Tashi in kai ka."