Fuskar Da Ta Daina Murmushi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, Mai Girma Hakimi, malamanmu, ma'aikatan lafiya na Batsari da Safana, iyayena mata da 'yan uwana, ina gaishe ku. Ina godiya da kuka ba ƙaramar yarinya irina damar tsayawa a gabanku. Sunana Muhsina, 'yar Tsaskiya ce ni, ina aure a Batsari.

Zan fara da wata Talata, bara bayan girbi, ranar da maigidana ya zo biko. Na yi yaji ne ba don duka ba, ba don zagi ba. Wata bakwai fuskarsa ta daina motsi. In yi kwalliya ya dube ni kamar bango, in yi masa hira ya amsa can ƙasa-ƙasa. Ni kuwa mai karatun littattafan soyayya ce, kuma a duk wanda na karanta, in fuskar miji ta daskare, to so ya ƙare.

Ya durƙusa a zaure yana ba da haƙuri da wannan fuskar, muryarsa da ƙyar ake ji. Babana da kawunnaina suka ɗauka raini ne, suka ce ya tashi ya tafi. Gwaggona Nana Hadiza, wadda ta yi shekara ashirin tana aikin jinya, tana bakin ƙofa ta ga fitarsa. Ta kira shi ta ce, "Surajo, koma ka sake tahowa in gani." Ya taho. Hannunsa na dama a manne da jikinsa, ba ya lilo. Ta ce da babana, "Yaya, wannan ba girman kai ba ne, a kai shi asibiti."

A birni likita ya sa shi tafiya, ya sa shi haɗa yatsu, sannan ya tura shi hoton ƙwaƙwalwa. Abin da na koya shi na kawo muku.

Na farko, hoton ba ya ciwo, ba a yanka kowa. Kwanciya ake yi cikin na'ura a fito. Na biyu, likita ya ce hoton shi kaɗai ba ya yanke hukunci, amma shi ya nuna ba ƙari ba ne a ƙwaƙwalwa, ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, har aka tsaya a kan ciwon da suke kira Fakinsan, wanda ke taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke sarrafa motsi. Mu a nan sai hannu ya yi ta karkarwa muke cewa tsufa ne ko iska. To yakan fara tun kafin nan, a fuska, a murya, a tafiya. Maigidana mahauci ne, shekararsa arba'in da huɗu. Ashe abokan sana'arsa sun daɗe da lura yankan tsirensa ya yi kauri, kunya ta hana su magana. Maigidana da kansa ya ce in faɗa muku wannan.

Ciwon ba ya warkewa. Magani yana sassauta shi, har maigidana ya koma riƙe wuƙa yadda ya saba, amma likita bai ɓoye mini ba cewa zai ƙaru da shekaru. Da muka dawo, babana ya ce zaɓi nawa ne, ba zai tilasta ni ba. Na koma ɗakina a Batsari, kuma can zan zauna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Na gode.