Lauyan da Kotu Ta Bayar

A kan benci a ƙofar kotu, wata dattijuwa tana jiran a kawo ɗanta, sai wani direba da ke gefenta ya tanka mata.

"Inna, lauyan kyauta kika bar wa ɗanki? Ai ɗaure shi za a yi."

"Ni ma tsoron da nake ke nan, ɗan nan. Fayil ashirin lauyan yake rungumowa. Rannan sau biyu yana kiran ɗana da sunan wani."

"Kin gani! Namu lauyan na kuɗi ne, da mota yake yawo."

"Yana ina?"

"Babbar kotu. Ya aiko a ɗage zama. Karo na biyar ke nan, ƙanena yana tsare."

Ta so ta yi shiru, sai ta kasa.

"Nawa dai bai taɓa fashin zuwa ba."

Direban ya daɗe yana murza hularsa.

"Inna, a wane ofis ake neman irin naki?"