Ramar da Ta Jawo Raɗa

Na kai jaririna awo asibitin Kitwe a Zambiya, ya ƙara nauyi, sai washe baki nake! A bayana wata dattijuwa mai jiki, ƙafarta a naɗe da bandeji, take hira da wata budurwa.

"Mama, ƙafar ce?"

"Ciwon sukari ne, 'yata. Likita ya ce in rage ƙiba, bai ce ta yaya ba. Inshora kuma kuɗin magani take biya, ban da mai koyar da cin abinci."

"Ba ki gwada da kanki ba?"

"Na gwada, har na rame. Sai matan cocinmu suka fara raɗa wai ƙanjamau gare ni. Na koma wa tuwona, aka yi shiru."

"Yanzu fa?"

"Yau za a yanke mini yatsan ƙafar. Masu raɗar, ko ɗaya ba ta rako ni ba."