Makulli na Uku

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban taro kuma shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Hatsi ta Nima da Maamobi, Alhaji Iddrisu. Wakilin Sarkin Zongo. Limaminmu da malamanmu. Iyayenmu mata na rumfar wake da gero. 'Yan'uwa da suka taso daga unguwannin Madina da Alajo. Direbobi da 'yan dako. Jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. Ga baƙinmu, sunana Sulemana Ƙasimu. Ban taɓa sayar da ko olonka ɗaya ta masara ba, wato gwangwanin awo ɗaya. Aikin binciken asusu na yi wa gwamnati har na huta, kuma ni ke riƙe da ɗaya daga cikin makullan akwatin ƙarfe na wannan ƙungiya.

An tara mu don a yi wa kwamfutar da muka saya addu'a. Sai dai dole ku ji wani abu kafin a shafa fatiha. Sahadatu, 'yar marigayi direbanmu, wadda ƙungiya ta tura ta koyo aikin wannan na'ura, ta zo gidana ranar Asabar ta ce za ta ajiye aikin. Na tambayi dalili. Ta ce, "Baba, in na bi ta rumfar wake sai a yi shiru. Sabon takalmi na saya da albashina, aka ce daga cikin na'ura ya fito. Dangin wanda zai aure ni sun fara tambaya. Gara in rasa aiki da in rasa suna." Na roƙe ta ta jira zuwa yau. Ga ta can zaune a baya. Abin da za mu yanke yanzu shi zai nuna ko gobe za ta buɗe ofis.

Maganata kashi uku ce.

Na farko, amfanin na'urar, domin ba na son a ce tsoho ya tsani sabon abu. A da, in mota ta iso daga Bawku ko Tamale, sai an wuni ana kiran suna ana duba fenti a jikin buhu kafin kowa ya san nasa. Yanzu kafin 'yan dako su gama sauke kaya takarda ta fito. A da, buhun da ya fara shiga sito shi ke ƙarshen fita, domin yana can ƙasa an danne shi, sai an farke shi a tarar ƙwari sun mayar da wake gari. Yanzu na'ura tana gaya mana wanda ya daɗe, a fitar da shi tukuna. Lissafin da ke cinye mana daren sallah ana gama shi tsakanin azahar da la'asar. Na bi shi layi-layi da fensirina ina neman kuskure, kuma kun san halina, na so in samu. Ban samu ba.

Na biyu, abin da na'urar ba ta iya ba. Ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba. Abin da aka zuba mata shi take tarawa, kuma in an zuba mata ƙarya za ta tara ta da kyau, ta buga ta a farar takarda. Saboda haka wanda ya ji tsoro bai yi wauta ba.

Wannan ya kai ni wurin Hajiya Husseina, shugabar rumfar wake, wadda kowa ya san daga bakinta maganar ta fi fitowa. Na same ta a kasuwa ranar Laraba. Tun daga nesa ta ce, "Baba Akawu, yau kuma me muka rubuta ba daidai ba?" Na ce, "Hajiya, kin taɓa kama yarinyar nan da satar kuɗi, ko sidi ɗaya?" Ta ce, "Ina zan kama ta, Baba? Littafi ko ban iya karatu ba ina ganin inda aka goge. Wannan talabijin ɗin naku fa? Ta danna, ya ɓace, ta danna, ya dawo. Ko 'yar da na haifa ce sai na tambaya." Na dawo gida ina fushi, amma kafin magariba na yarda cewa Hajiya ta yi gaskiya a kan na'ura, ko da ta yi kuskure a kan yarinya.

Na uku, laifin namu ne. Iyayen da suka kafa wannan ƙungiya sun sa wa akwatinta kwaɗo uku. Ba don suna zargin shugaba ba, ba don suna zargin ma'aji ba. Sun yi haka ne don kada mutum ɗaya ya tsaya shi kaɗai a gaban dukiyar jama'a, domin wanda ya tsaya shi kaɗai ba shi da mai shaidarsa, ko da ya fi kowa amana. Mu kuwa muka kwashe abin da ke cikin akwati muka zuba a na'ura, muka ba yarinya ɗaya lambar sirri, muka juya muna kallon takalminta.

Ga shawarata, kuma na tabbatar da wanda ya haɗa mana na'urar cewa za ta yiwu. Sahadatu ta ci gaba da shigar da aikin yau da kullum da lambarta. Amma gyara abin da aka riga aka rufe, ya zama sai da wata lamba da za a raba kashi uku, mutum uku, kowa ya danna nasa da hannunsa. Duk Laraba a buga takardar mako, a karanta ta da ƙarfi a ƙofar sito, da Hausa, da yaren Twi ga mai so. A kwafi aikin a faifai a ajiye cikin akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin bisa kanta, domin ba mu manta da ruwan da ya shiga sitonmu bara ba.

Kashi ɗaya na shugaba ne, kashi ɗaya na ma'aji. Saura na uku, wanda zai bi mai riƙe da makullin akwati na uku. Ranar da aka ba ni wannan makulli, dattawa sun gaya mini a fili cewa ba don ilimina ba ne, don na fi kowa ƙorafi ne. Makulli na uku na wanda ba ya yarda sai ya gani ne. Yau idona ba ya ganin rubutun na'ura, kuma an sami wadda ta fi ni ƙorafi. Hajiya Husseina, na san za ki ce ba ki yi boko ba. Lambobi ne kawai, kuma kina gane lambar motar Bawku tun daga kwanar titi. Ga makullin na ajiye a gaban shugaba. In kin ɗauka, daga yau ba a gyara komai sai kina tsaye, kuma duk wanda ya taɓa sunan Sahadatu ya taɓa naki. Ina roƙon ki taso, ina roƙon Sahadatu ta baro kujerar baya, malam ya yi addu'ar kuna tare.

Allah ya sa albarka a kasuwarmu. Allah ya kare mu daga cin amana, ya kare mu daga zargin mai amana. Allah ya jiƙan waɗanda suka sa wa akwatin nan kwaɗo uku, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.