Ba Doyar Saratu Ba Ce

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, mai ceto. Ni ce Ladi ta Kurudu, kakar yara. Ku saurara, 'ya'yana.

A wajenmu, idan sabuwar doya ta fito, maƙwabci ake fara kai wa. Bana Saratu maƙwabciyata ta daka sakwara ta kawo mini da hannunta. Na ci, na sa mata albarka. Kafin rana ta faɗi sai amai. Da na duba, jini ne, jini har ya cika kwano!

Ɗana Bulus ya ɗauke ni sai asibiti, yana ihu a tsakar gida: "Matar nan ta sa wa Mama guba!" Magana ta zaga unguwa. Aka daina gaida Saratu a bakin famfo. Dangi suka ce in na mutu, ba za ta ƙara kwana a Kurudu ba.

Ina kwance ana ƙara mini jini, na ce, "Ubangiji, kada ka ɗauke ni da wannan magana a kan baiwarka. Ka buɗe cikina a gani."

Ya kuwa buɗe, ba tare da wuƙa ba! Likita ta ce, "Mama, za mu leƙa ne kawai." Suka sa ni barci, suka zura wani siririn tiyo mai fitila ta bakina. Da na farka ta kira Bulus ta nuna masa hoton. Ta ce hantata ta daɗe da ciwo, ta taurare, jini ya rasa hanya, shi ne jijiyoyin hanyar abinci suka kumbura har ɗaya ta fashe. Ta ɗaure su da 'yan robobi, kamar yadda muke ɗaure bakin ledar kunu.

Bulus ya ce, "To gubar fa?"

Ta ce, "Wace guba? Ciwon nan ya girmi doyar bana."

Ɗana ya sunkuyar da kai.

Da aka sallame ni, aka ce sai abu mai ruwa-ruwa tukuna. Na ce ba zan sha kunun kowa ba sai na Saratu. Bulus da kansa ya je ya durƙusa a ƙofarta. Ta zo da ƙwarya tana kuka, na shanye a gaban jama'a.

Har yanzu ina komawa asibiti a sake leƙawa, ina shan magani. Amma ga ni tsaye a gabanku a coci, ga Saratu can a benci na biyu. Tashi su gan ki, 'yar'uwa!

Ku dogara ga Ubangiji, yana ganin abin da ke cikin ciki. Na gode wa Yesu. Amin.